Koya wa Ƙananan Yara Lissafi ta Hanyar Wasan Kwalekwale

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar aji ɗaya na firamare da hantsi ya san wannan waƙa. Malami yana gaba da tsumagiya yana nuna allo, yara suna bin sa da murya ɗaya, daga ɗaya har ɗari, wani lokaci da Hausa, wani lokaci da Turanci. Iyaye kan ji daɗi idan yaro ya komo gida yana rera ta ba gargada, su ce ai wane ya iya lissafi. To amma a zube tsakuwa gaban wannan yaro a ce ya ware bakwai ya kawo. Sau da yawa sai a ga bakinsa ya riga hannunsa: ya kai bakwai alhali tsakuwa biyar ce a tafinsa, ko kuwa ya ƙirga guda sau biyu. In an ce masa, "To, nawa ke nan?" sai ya koma farko ya sake rerawa, domin bai san cewa kalmar ƙarshe da ya faɗa ita ce amsar ba.

Wannan yaro ba daƙiƙi ba ne. Haddar sunayen lambobi daban, sanin adadi daban, kuma na biyun ba ya shiga kan yaro sai ta hannunsa da idonsa. Yaron da aka wuce da shi gaba a kan hadda kawai, shi ne wanda ake tararwa a sakandare yana tsoron lissafi kamar dodo, yana haddace ƙa'idojin da bai san inda suka dosa ba. Maƙasudin wannan darasi shi ne a nuna wa malamai, da kuma ɗaliban sakandare masu ƙanne a gida, yadda za a yi amfani da abu guda, watau kwalekwale, a kafa wa yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai tushen lissafi.

Me ya sa kwalekwale?

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan yaron da aka haifa a tudu da jirgin ruwa? Gaskiya ne, yaran Yauri da Argungu da Lakwaja, da na Baga a bakin Tafkin Chadi, da na fadamun Haɗeja da Nguru, da na Gaya da Yamai a Jamhuriyar Nijar, sun buɗi ido ne sun ga kwalekwale da filafili. Amma ko yaron da bai taɓa ganin kogi ba, da damina ta sauka za a same shi a bakin kwatami ya saki kara yana bin sa da gudu. Sha'awar abin da ke tafiya a kan ruwa ba sai an koya wa yaro ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan ƙarfi. Kwalekwale yana da iyaka, kuma ruwa ne ke faɗin iyakar. Motar kasuwa, in an yi mata lodi fiye da kima, takan yi nishi ta lallaɓa ta tafi. Jirgi kuwa kowace tsakuwa aka ƙara masa sai ya ƙara nutsewa kaɗan a gaban idon yaro, har a zo ga wadda za ta kai shi ƙasa. Saboda haka yaro yana da dalilin son sanin "nawa". Ba malami ne ke tambayarsa don ya kama shi da kuskure ba. Shi da kansa ke son ya sani ko jirginsa ya fi na abokinsa ɗauka.

Kayan aikin duk na bola ne da na bayan gida: daro ko baho, gwangwanayen kifi da na madara waɗanda aka daddanne bakinsu don kada su yanki hannu, ƙoƙo, sakaina, karan dawa da totuwarsa, tsohuwar takarda. Fasinjoji kuwa su ne marafan kwalba, ƙwallon dabino, 'ya'yan tsamiya ko tsakuwa. Abin lura shi ne fasinjojin su zama kusan girma ɗaya, in ba haka ba gardama za ta kaure tsakanin yara, kuma mai gardamar ne zai fi gaskiya. Ruwan daro kada ya wuce tsawon yatsa, kada a bar yara su kaɗai da shi, kuma a sa ido kan ƙananansu masu kai komai baki ko hanci. Kada a kai aji bakin kududdufi ko rafi da sunan darasi: ban da haɗarin nutsewa, a irin wannan ruwa ake ɗaukar tsargiya.

Ƙirga fasinja

A 1978 wasu masana halayyar yara biyu na Amurka, Rochel Gelman da C. R. Gallistel, suka wallafa littafi kan yadda yaro ke fahimtar adadi. Sun nuna cewa abin da babba ke ganin aiki guda ne, watau ƙirge, a wurin yaro ƙa'idoji ne har biyar waɗanda sai ya haɗa su. Dole kowane abu ya sami suna ɗaya tak. Dole sunayen su zo a jere guda kullum. Sunan ƙarshe shi ne yawan abubuwan duka. Kowane irin abu yana ƙirguwa. Sannan ko ta ina aka fara, amsa ba ta sauyawa.

Ta farko ita ce wadda yaron da aka ambata a sama ya rasa, kuma a nan jirgi yake da amfani. Idan tsakuwa tana zube a ƙasa, yaro ba ya iya rarrabe wadda ya ƙirga da wadda bai ƙirga ba. Idan kuwa fasinja ce mai shiga jirgi, an raba su gida biyu: na gaɓa da na cikin jirgi. Dokar wasa ita ce ba a kiran lamba sai fasinja ya taka jirgi. Hannu ya ɗauka, ya sa, sannan baki ya ce "ɗaya". Wannan ɗan jinkiri shi ke tilasta wa baki ya jira hannu.

Bayan an gama lodi, malami ya rufe jirgin da tafin hannunsa ya tambaya, "Mutum nawa ke ciki?" Yaron da ya ce "shida" kai tsaye ya kama ƙa'ida ta uku. Wanda ya nemi a ɗaga hannu ya sake ƙirgawa, da sauransa, kuma ba a tsawata masa. Sai a mai da shi ɗan kamasho: shi zai gaya wa mai fito yawan fasinja don a san kuɗin da za a karɓa. Mai fito ba ya son waƙa, lamba guda yake so. Da an yi haka kwana biyu uku, yaro kan gane da kansa.

Sauran ƙa'idojin biyu ba su da wuya. A haɗa marafa da ƙwallon dabino a jirgi guda, a ce waɗannan mutane ne, waɗannan tumakinsu, rai nawa ke ciki? A fara sauke su daga goshin jirgi yau, gobe daga baya. Haka kuma a riƙa ɗaga jirgi mai fasinja biyu ko uku a nuna na ɗan lokaci a ɓoye, domin ƙaramin adadi irin wannan ido na iya ganinsa ba tare da ƙirge ba, kuma yana da kyau yaro ya saba da amincewa da idonsa.

Sun ƙaru ko suna nan?

Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1980, ya yi wani gwaji da ya shahara. Yakan jera abubuwa layi biyu masu yawa ɗaya, yaro ya yarda daidai suke. Sai ya baza layi guda ya yi tsawo, ya sake tambaya. Akasarin yaran da ba su kai shekara shida ko bakwai ba sukan ce mai tsawon ya fi yawa, ko da yake a gabansu aka yi, ba a ƙara komai ba. Piaget ya ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa yaro bai riga ya gane adadi ba ya sauyawa don an sauya jeri.

Daga baya, a 1974, James McGarrigle da Margaret Donaldson suka sake gwajin a Sikotilan da wata 'yar dabara. Maimakon babba ya baza layin da gangan, sai wata 'yar tsana "mai ɓarna" ta zo ta hargitsa shi kamar bisa kuskure. Yara da yawa waɗanda suka faɗi gwajin farko suka ba da amsa daidai. Abin da aka fahimta shi ne, idan babba ya taɓa abu sannan ya maimaita tambayar da ya riga ya yi, yaro kan zaci ana son ya sauya amsa ne. Wannan ya kamata ya tsaya wa malamai a rai, musamman a inda aka tarbiyyantar da yaro kan kada ya musa wa na gaba da shi. Sau nawa ake cewa yaro bai sani ba, alhali ladabi ne ya hana shi faɗin abin da ya gani?

A cikin daro ba a bukatar 'yar tsana. A jera jiragen takarda biyar a gefe guda, a ƙirga su, sannan a ce wani yaro ya hura iska. Jirage za su watse ko'ina. Malami bai taɓa komai ba, iska ce ta yi. Yanzu a tambaya, "Har yanzu biyar ne?" In an sami saɓani, kada malami ya yanke hukunci. A komo da jiragen gaɓa ɗaya bayan ɗaya a ƙirga. Haka nan za a iya kwashe fasinja shida daga ƙaramin gwangwani inda suka cushe, a zuba su a faffaɗar sakaina inda suka sake. Wasu yara za su rantse sun ƙaru, wasu su ce sun ragu tunda ga fili ya samu. A bar su su yi ta musu, su ƙirga, su sake ƙirgawa. Wannan musu shi ne darasin.

Shiga da fita

Tarawa da ɗebewa labarin tasha ne. A zana kogi a ƙasa da gawayi, a yi masa mashiga uku. Jirgi ya taso da mutum uku, a mashigi na biyu mutum biyu suka shiga: nawa ke ciki? A na uku mutum huɗu suka sauka: saura nawa? Ya kamata a daɗe ana wannan da baki da hannu kafin a kai ga allo. Ranar da aka rubuta 3 + 2 = 5, yaro ya ga labarin da ya riga ya sani ne aka taƙaita, alamar tarawa tana nufin "suka shiga", ta ɗebewa "suka sauka".

Wani abin lura: da farko yaro zai ƙirga duka daga ɗaya. Ci gaba shi ne ranar da ya riƙe uku a kansa ya ɗora, "huɗu, biyar". Don a taimaka masa, sai a yi wa jirgi rumfa da ganye ta rufe waɗanda ke ciki. Tunda ba ya ganinsu, dole ya ɗora daga inda aka tsaya.

Idan kowa ya sauka fa? Jirgi yana nan, amma ba kowa ciki. Wannan shi ne sifiri. Yana da wuya a nuna wa yaro "babu" a kan tebur, domin ba abin da zai duba. Amma jirgin da ba kowa abu ne da yake gani, yana iya tura shi, yana iya cewa mutum sifiri ne a ciki. Wannan zai yi masa rana idan aka zo rubuta 10 da 20.

Daga nan sai dokar goma. A ce kowane jirgi mutum goma yake ɗauka, ba ƙari. Ga fasinja 14 a gaɓa: jirgi guda ya cika, huɗu suna jira. Harshen Hausa ya riga ya share wannan hanya, domin "goma sha huɗu" ya faɗi abin da ido ke gani, goma ga ta, huɗu ga su. Yaron da ke koyo da Turanci ba ya samun wannan sauƙi a 11 da 12, inda sunayen ba su nuna goma a fili ba. Inda Hausa ke da ɗan tarnaƙi shi ne daga ashirin zuwa casa'in, domin sunayen an aro su ne daga Larabci, kuma yaro ba ya jin "biyu" a cikin ashirin ko "uku" a cikin talatin. Magabata suna da nasu: gomiya biyu, gomiya uku. Babu laifi malami ya farfaɗo da su a aji na ɗan lokaci: jirgi biyu cike, gomiya biyu, watau ashirin. Har salon nan na 'yan kasuwa, "ashirin ba ɗaya", yana da hoto a daro: jirage biyu, na biyun saura wurin mutum guda. Idan yaro ya saba da wannan hoto, rubuta 14 ba zai zama sihiri ba. Lambar hagu jiragen da suka cika ne, ta dama waɗanda suka rage a gaɓa. A 20 kuwa ba wanda ya rage, shi ya sa sifiri ya zauna a wurin.

Siffofi su ma suna shigowa ba da wahala ba yayin naɗa jirgin takarda. Ana farawa da murabba'i mai dari, a ninka shi biyu a sami rabi, a lanƙwaso kusurwoyi alwatika ta fito, a buɗe ta koma murabba'i. Malami ya riƙa kiran sunan kowace siffa yayin da ta bayyana a hannun yara, ya isa.

Auna jirgin Dufuna

A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana, a yankin da yake Jihar Yobe a yau, sai ya ci karo da wani katako a zurfin kimanin mita biyar. Ashe kwalekwale ne da aka sassaƙa daga gungume guda. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi, kuma awon da aka yi ya nuna ya kai shekara dubu takwas. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kimanin rabin mita.

Yara ba su san dubu takwas ba, kuma ba a bukatar su sani yanzu. Amma tsawon jirgin suna iya saninsa da jikinsu. Malami ya auna mita 8.4 a filin makaranta ya zana siffar jirgin da toka. Kafin a auna, kowa ya yi kintace: yara nawa za su kwanta kai da ƙafa daga goshi zuwa baya? Wani zai ce uku, wani ɗari. Sai a kwanta a gani. 'Yan aji ɗaya bakwai sukan kusa cika shi, da ɗan saura. Wannan saura kada a yi watsi da shi, domin shi ne ƙofar rabi da rubu'i.

Sannan a auna da taku. Malami ya taka, ƙaramin yaro ya taka, a ga lambar yaro ta fi ta malami yawa. Shin jirgin ya ƙara tsawo ne? A gwada da kamu, da taƙi, da gaba. Kowa da amsarsa. Da rikici ya kai rikici, sai a yanko kara guda a ce kowa da shi zai auna, nan take amsoshi su zo ɗaya. Yaron da ya sha wannan rikici ya san abin da ya sa aka ƙirƙiro mita, tun kafin a nuna masa ita.

Abin da ke riƙe jirgi a kan ruwa

Wannan sashe na malamai ne da ɗaliban sakandare, domin ko ba daɗe ko ba jima wani yaro zai tambaya me ya sa tsakuwa 'yar mitsitsiya take nutsewa amma gwangwani ba ya nutsewa, kuma bai kamata a ce masa "haka yake" ba.

Arkimidis, masanin Girka wanda ya zauna a birnin Sirakus a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya bayyana ƙa'idar. Duk abin da aka sa a ruwa yana gusar da wani ruwa don ya sami wurin zama, ruwa kuma yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da aka gusar. Jirgi yana ta nutsewa har sai ruwan da ya gusar ya yi nauyi ɗaya da shi da kayansa, sannan ya tsaya. Idan ruwa ya kai bakinsa ba a kai ga wannan daidaito ba, ya tafi ƙasa. Ana iya nuna wa yara wannan da marfin kwalba: a ɗora shi a hankali bakinsa sama, ya zauna kan ruwa, a buge shi da dutse ya ninke, ya nutse nan take. Ƙarfen bai ƙaru ba, bai ragu ba, siffa ce ta sauya.

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, kuma lita ita ce cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne santimita 10 ne. A ɗauki misalin jirgi mai siffar akwati, don sauƙin lissafi: tsawo mita 6, faɗi mita 1, zurfi santimita 50. Ƙasansa zai ɗauki irin waɗannan akwatuna 60 a tsawo, 10 a faɗi, watau 600. Ke nan idan ya nutse santimita 10 ya gusar da lita 600, kowace santimita guda kuwa lita 60, watau kilo 60, kusan nauyin babban mutum ɗaya. A ce nauyin jirgin kansa kilo 600 ne. Tun ba kowa ciki ya ci santimita 10, saura 40. Mutum 20 suka shiga, saura santimita 20 tsakanin ruwa da bakin jirgi. Aka ƙara 15, saura 5 kacal, faɗin yatsu uku. Jirgin bai nutse ba tukuna, shi ya sa mai fito zai ce ai akwai wuri. Amma igiyar ruwa guda, ko mutum biyu su karkata gefe ɗaya, ta isa. Kwalekwale na gaske ba akwati ba ne, lambobinsa za su bambanta, amma ƙa'idar ita ce dai.

Wannan lissafi ba na takarda kaɗai ba ne. A watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse da fasinjoji a Kogin Kwara kusa da Warra a Jihar Kebbi, aka yi asarar rayuka masu yawa. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara wani ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, mutum fiye da ashirin suka rasu, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Allah ya ji ƙansu. A duka biyun an ambaci yawan lodi cikin musabbabin haɗarin. Ingila ma ta sha irin wannan a jiragenta na teku, har wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya tsaya kai da fata, aka yi doka a 1876 wadda ta tilasta zana alama a jikin jirgi don nuna iyakar lodi. Har yau ana kiran alamar da sunansa.

Yara na iya yin tasu alamar. Kowane rukuni ya loda gwangwaninsa marfi bayan marfi, ana ƙirgawa, har ya nutse. A ce ya nutse a na 17. To nawa ya iya ɗauka? Yara da yawa za su ce 17, sai an ja hankalinsu su ga 16 ne, domin na 17 shi ya kai shi ƙasa. Sai a tsamo shi a sake loda 16, malami ya kaɗa ruwa da yatsa kaɗan. Ya sake nutsewa. A gwada 14, a gwada 12, har a sami adadin da jirgi ke jure kaɗawa, a ɗiga fenti ko a karce jikin gwangwanin daidai inda ruwa ya tsaya. A gwada kuma tara fasinja duka a gefe ɗaya. A zana sakamakon kowane rukuni a allo, sanda guda ga kowane marfi, a kwatanta: wane jirgi ya fi, da nawa ya fi? A cikin rabin sa'a yara sun yi ƙirge, da kintace, da ɗebewa, da kwatanci, sun kuma ga da idonsu cewa "bai nutse ba tukuna" da "akwai wuri" ba abu ɗaya ba ne. Inda aji ya cika maƙil, daro ɗaya ba zai wadatar ba. Sai a kasa yara rukuni-rukuni a inuwar bishiya, a roƙi 'yan aji shida su kula da kowane rukuni.

Kura da akuya da damin harawa

Akwai wani tsohon wasa ƙwaƙwalwa da ya dace a rufe mako da shi. Mutum ya zo bakin kogi da kura da akuya da damin harawa. Kwalekwalensa ba ya ɗaukar sai shi da abu guda. In ya bar kura da akuya, ta cinye ta. In ya bar akuya da harawa, haka. Yaya zai yi? An same shi a rubuce tun wajen shekara ta 800 Miladiyya, cikin wani kundin matsalolin lissafi da ake danganta wa Alcuin, malamin nan mutumin York a Ingila, inda aka yi amfani da kyarkeci da akuya da kabeji. Ana kuma ba da ire-irensa da baki a sassa da dama na Afirka.

Kada a ba yara shi a matsayin tambayar zaune. A zana kogi a ƙasa, yaro guda ya zama kura, wani akuya, wani harawa, wani mai fito, sauran aji su zama alƙalai masu ihu in an yi ɓarna. Kusan kullum sukan gano cewa akuya ce za a fara ƙetarwa. Daga nan sai su cije, domin duk abin da aka kai na biyu akwai matsala a wancan gaɓa. Malami ya daure ya yi shiru. Abin da ke buɗe ƙofa shi ne wani ya tuna cewa jirgi yana iya komowa da kaya. A kai akuya, a komo. A kai kura, a komo da akuya. A ajiye ta a kai harawa, a komo. A ɗauki akuya. Ƙetare bakwai ke nan, kuma yara su ƙirga su da tsakuwa, guda ga kowace tafiya.

Ga ɗaliban sakandare kuwa, ga wata daga wannan kundi na Alcuin. Miji da mata, nauyinsu ɗaya, suna tare da 'ya'yansu biyu waɗanda kowannensu rabin nauyin babba ne. Jirgi ba ya ɗaukar fiye da nauyin babba guda, kuma kowa a cikinsu ya iya tuƙi. Ana iya ƙetar da su duka a tafiya tara. A samo marafa biyu manya da biyu ƙanana da gwangwani ɗaya, a nemo yadda za a yi.